In An Kama Ɗanka Da Wiwi Ko Tramol

'Yan'uwa na Maska da kewaye, in jami'an NDLEA sun zo bincike gida, mu nemi ganin takardar izinin kotu. Amma kada mu tare musu ƙofa, gama doka ta yarda su shiga ba takarda in suna da dalilin zato. Babbar Kotun Tarayya a Katsina ce ke sauraron shari'ar ƙwaya. Dokar 2015 ta ba wanda ake tuhuma damar yin yarjejeniya, ya amsa laifi a sassauta masa hukunci. Amma ta ce ba ɗaukaka ƙara bayan haka, sai in an yi zamba. Saboda haka kada yaro ya dangwala yatsa a kowace takarda sai lauya ya bayyana masa ita. Marar hali ya nemi lauyan kyauta a ofishin Legal Aid.