Gashi a Haɓar Mace: Daga Ina Yake Zuwa?

Duk mai gyaran jiki ta san irin wannan baƙuwa. Takan jira sai ɗaki ya rage mutane, sannan ta janye mayafi daga haɓarta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Hajiya, a ɗan sa mini halawa a nan." A cire tas, kafin wata ya zagayo gashin ya dawo. Tambayar da ba a cika yi mata ba ita ce: yaya al'adarki?

Jikin kowace mace yana samar da testosteron, sinadarin da ake ɗauka na maza ne, amma ɗan kaɗan, daga gidan ƙwai da wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda. In ya yi yawa, sai lallausan gashin fuska ya rikiɗe ya zama baƙi mai kauri, a haɓa da gashin baki, wani lokaci har ƙirji.

Mafi yawan lokuta tushen abin shi ne larurar gidan ƙwai da likitoci ke kira PCOS, wadda Stein da Leventhal suka bayyana a Amurka a 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na mata masu shekarun haihuwa, kuma akasarinsu ba su san suna da ita ba. Al'ada ta riƙa tsallake watanni, ƙuraje su feso, ƙiba ta taru a ciki, haihuwa ta yi jinkiri. Sau da yawa jikin ba ya jin insulin yadda ya kamata, shi ya sa ciwon sukari ke iya biyo baya. Mace ta yi shekaru tana neman maganin haihuwa, alhali alamar tana nan a haɓarta, tana tsige ta kowace Juma'a.

Wata kuwa gado ne kawai, lafiyarta ƙalau. Wata kuma tsufa ne, bayan al'ada ta ɗauke.

Akwai kuma wanda muke sayowa da kuɗinmu. Wasu mayukan bilicin da ƙwayoyin sa ƙiba suna ɗauke da sitiroyid, kuma daɗewa ana amfani da su kan fito da gashi a fuska. An je neman haske, an dawo da saje.

Aski ba ya ƙara wa gashi kauri, ƙarshensa ne ke dakushewa. Maganin asibiti kuwa yana son haƙuri, don sai an yi kamar wata shida ake ganin canji. Amma in gashin ya ɓullo farat ɗaya cikin 'yan watanni, murya kuma ta fara kauri, wannan ba na mai halawa ba ne. Yana iya zama ƙari a gidan ƙwai, a tafi wurin likita a makon.