Shin Ko Kun San? Loma Ɗaya a Faranti Kamar Faifai

Shin ko kun san akwai gidajen abinci a duniya da mutum zai biya kuɗin da ya isa sayen rago, a kawo masa faranti mai faɗin faifai, ya leƙa ya tarar da loma ɗaya tak a tsakiya? Ɗaya fa! An ɗiga miya a gefe kamar ɗigon tawada. An ɗora ganye biyu a kai da hantsaki, ba da hannu ba. Wanda ya saba da malmalar tuwo sai ya ɗauka ɗanɗano aka ba shi kafin a kawo na gaske.

To, kada ka tashi tukuna. Wannan lomar ta farko ma ba ta cikin lissafi. Faransawa suna kiranta amuse-bouche, wato abin da zai yi wa baki wasa. Ba ka yi odarta ba, ba a rubuta ta a takardar abinci ba, kuma ba za a caje ka a kanta ba. Gaisuwa ce daga kuku, irin ruwan sanyin da ake miƙa wa baƙo kafin a tambaye shi hanya.

Bayan ta ne ake fara ƙidaya. Faranti bakwai. Tara. Goma sha biyu. Wannan na tafiya, wancan na zuwa, sai a share awa uku a zaune. Ka haɗa lomomin nan duka, za ka ga cikin ya ɗauka ba ka sani ba.

Shin ko kun san akwai inda aka wuce talatin? El Bulli ke nan, gidan kuku Ferran Adrià da ke bakin teku a yankin Kataloniya ta Sifaniya. Baƙo ɗaya, zama ɗaya, kala sama da 30. A zamaninsa wata shida kawai yake buɗewa a shekara, mutum kusan 8,000 ne ke samun kujera, masu nema kuwa sun kai miliyan biyu. Miliyan biyu! Duk da wannan rububin, a watan Yulin 2011 aka rufe shi.

Me ya sa ba za a cika faranti a huta ba? Thomas Keller, mai gidan The French Laundry da ke Kalifoniya, yana da hujjarsa. A ganinsa lomar farko ce ke da armashi, ta biyu ta tabbatar, daga ta uku ko ta huɗu harshe ya fara sabawa. Shi ya sa yake janye farantin kana cikin marmari. A jerin faranti tara da yake kawowa ba ya maimaita kayan haɗi ɗaya sau biyu. Ni dai ban ce ya yi ƙarya ba, tsinken tsire na farko ai ya fi na goma daɗi.

Akwai kuma ruɗin ido a ciki. Zana ɗigo biyu masu girma ɗaya, ka kewaye ɗaya da babbar da'ira, ɗayan da ƙarama. Na cikin babbar zai ƙanƙance a idonka. Wani masani ɗan Beljiyam, Joseph Delboeuf, ya bayyana haka tun ƙarni na 19. Yankan naman da zai cika ƙaramin kwano, a kan makeken farin faranti sai ya zama abin tausayi.

Shin ko kun san wannan kawo abinci ɗaya bayan ɗaya ba asalin al'adar Faransawa ba ce? Da, manyansu jibge komai suke a kan teburi lokaci guda, kowa ya miƙa hannu ga abin da ke kusa da shi, rabi ya huce kafin a kai gare shi. Salon bi da bi sunansa salon Rasha, kuma ana danganta shigowarsa Paris da jakadan Rasha, Alexander Kurakin, wajen 1810. Ƙanƙantar abin da ke cikin farantin kuwa ta yi ƙarfi ne a shekarun 1970, lokacin da kukun Faransa irin su Michel Guérard da 'yan'uwan Troisgros suka rage miya mai nauyi, suka koma abinci marar maiƙo da kwalliya.

Ita kanta kalmar restaurant, wato gidan abinci, fa? Romo ce! A Paris ta ƙarni na 18 sunan romon nama ne da ake sha don ƙarfi ya dawo. Daga baya shagon da ke sayar da shi ya gaji sunan.

Yanzu ga wadda za ku ba abokai labari. Wa ke yanke hukuncin cewa gidan abinci ya kai ya kawo? Kamfanin taya! Michelin ɗin nan dai, na tayar mota. A 1900 André da Édouard Michelin suka buga ɗan littafin jagora ga direbobi suna rabawa kyauta, kwafi kusan 35,000, a lokacin da motocin Faransa duka ba su kai 3,000 ba. Dabara ce: direba ya yi yawo, taya ta cinye, ya sayi sabuwa. A 1926 littafin ya fara ba gidajen abinci tauraro, a 1931 taurarin suka kai hawa uku. Ɗaya, abinci mai kyau ƙwarai. Biyu, ya cancanci ka ratse hanya. Uku, ya cancanci ka yi tafiya takanas dominsa. Masu duba musu kuwa a ɓoye suke zuwa, su ci, su biya kamar kowa, su fice.

Kuma ba sai mai labule da fitilu ba. A 2016 wata rumfar shinkafa da kaza a kasuwar Singafo ta samu tauraro ɗaya, alhali farantin dalar Singafo 2 ne.

Mu je Tokyo. A ƙarƙashin ƙasa, dab da tashar jirgin Ginza, akwai Sukiyabashi Jiro. Kujera goma kacal. Ba zaɓi. Kuku ke ajiye maka sushi, ɗan dunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai, ɗaya bayan ɗaya har kusan 20, cikin kamar rabin awa an gama. Ana ajiyewa ka ɗauka, ba a barinsa ya jira, kuma da hannu ma halas ne. Japanawa na ce wa wannan omakase, wato na bar maka zaɓi. Nan firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya kai Barack Obama a Afrilun 2014. A 2019 kuma Michelin ta cire shi daga littafinta, ba don abincin ya lalace ba, sai don talaka da mai kuɗi duk ba sa iya kama kujera kai tsaye.

Wasu abubuwan sai ka gani. A Alinea da ke Chicago ana miƙo maka balan-balan mai tashi sama, na alewar tuffa. Ka zuƙi iskar, muryarka ta koma ta ɗan tsako, sannan ka cinye shi har da zaren. A The Fat Duck da ke Ingila an kawo kifi tare da ƙaton kwanson teku mai na'urar sauti a ciki, kana ci kana jin igiyar ruwa a kunne. A Noma da ke Kofanhegan tururuwa aka yayyafa, don ɗan tsamin da take da shi. Mu da ke cin fara da yaji ba mu da bakin dariya.

To, yaya ake yin oda ba a ji kunya ba?

Shin ko kun san a yawancin irin waɗannan gidaje, in mutum ɗaya ya zaɓi dogon jerin nan, sai teburin duka ya bi? Ba yadda za a yi wani ya ci faranti biyu ya zauna yana hamma, ɗan'uwansa na kan na tara. Wasu ma, irin Alinea, tikiti suke sayarwa, ka biya tun kafin ka zo kamar mai shiga kallon ƙwallo.

Ga tarko: kalmar entrée. A Faransa abin buɗe ciki ce. A Amurka ita ce babban abincin. Kalma ɗaya, ka yi oda a Paris ka tashi da yunwa, ka yi a New York ka kasa cinyewa.

Wani tarkon shi ne inda ba a rubuta farashi ba, aka ce farashin kasuwa. Tambaya! Ba ƙauyanci ba ne. Farin truffle na garin Alba a Italiya, wani dangin laimar kwaɗi da karnuka ke shinshinowa a ƙarƙashin ƙasa, a gabanka ake gurza shi, kuma da giram ake lissafi. Mai gurzawa na murmushi, kuɗi na hawa. Haka ruwan sha: in an tambaye ka mai gas ko marar gas, duk na kwalba ne, duk na kuɗi. A Faransa ka ce a kawo butar ruwan famfo, kyauta ce ga mai cin abinci.

Shin ko kun san an taɓa yayin ba mace takardar abinci marar farashi, a ba namiji mai farashi? Har 2019 ana yi, shekarar da hukumomin Peru suka ci tarar gidan La Rosa Náutica da ke Lima saboda haka.

Wannan kuma ta shafe mu kai tsaye. Miyar Faransawa da yawa da giya ake dafa ta, kuma ana iya samun kitsen alade ko sinadarin daskarar da kayan zaƙi da aka samo daga gare shi a inda ba ka zata ba. Ka faɗi abin da ba ka ci tun ranar da kake kama teburi, ba sai faranti ya iso ba, domin wata miyar tun jiya take kan wuta. Manyan gidaje da dama suna da jerin ruwan 'ya'yan itace da shayi da ke bin kowane faranti a madadin giya.

Cokula shida sun kewaye ka? Fara daga na waje, ka riƙa shigowa ciki. Burodinka na hagu, kofinka na dama. Ƙyallen goge baki a cinya. Ka gama, ka jera wuƙa da cokali mai yatsu wuri ɗaya a kan faranti, mai hidima zai gane ba sai ka ɗaga murya ba.

A tsarin Turai cokali mai yatsu a hannun hagu yake zama, da shi ake kai abinci baki. Hagu fa! Amma kwantar da hankali. Amurkawa yankawa suke, su ajiye wuƙa, su mayar da cokalin dama, sannan su ci. Yi irin nasu, ba mai harararka.

Tukwici kuwa ƙasa-ƙasa ne. A Amurka kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, kuma kusan dole. A Faransa yana cikin farashi. A Japan ka bar kuɗi a teburi, a biyo ka da gudu a ce ka yi mantuwa.

Ta ƙarshe. Daga 1 ga Yulin 2021 doka ta tilasta wa gidajen abinci a Faransa su ba ka mazubi in ka nemi tafiya da ragowarka. Ku gaya wa mai shirin zuwa Paris: in ya rage, ya ce a ƙunshe masa.