Furen da Ke Rufe Ƙofarsa: Abin da Ya Sa Mendel Ya Zaɓi Waken Fis

Kafin Gregor Mendel ya fara gwajinsa a 1856, sai da ya shekara biyu yana shuka iri 34 na waken fis a lambun wani gidan ibada da ke Brno, a ƙasar Cek ta yau, yana duba waɗanda ke haifar kamarsu ba canji. Ya tsayar da 22. A ganina, wannan zaɓen shi ne rabin nasararsa.

Sirrin yana cikin furen. Sassan namiji da na mace suna lulluɓe cikin ganye biyu da suka haɗe, kuma furen kan yi wa kansa barbara tun bai buɗe ba. Iska ba ta shiga, ƙwari ma da wuya su samu hanya. Manomin da ya taɓa ɓare furen wakenmu na gida ya san wannan ƙirar, domin danginsu ɗaya. Idan Mendel yana son haɗa iri biyu, sai ya buɗe tohon a hankali, ya tsinke sassan namijin da hantsaki kafin su nuna, ya shafa ƙurar furen wata shuka, ya rufe shi. Ya san uwa, ya san uba, babu tantama.

Ga shi kuma siffofi bakwai da ya zaɓa ba su da tsaka-tsaki: ko dogo ko gajere, ko ƙwaya mai sulɓi ko mai tamoji. Abin da ba ya rikiɗa kuwa ana iya ƙirga shi, Mendel kuma ya yi karatun lissafi a Biyana. Da ya bar 'ya'yan haɗin mai sulɓi da mai tamoji suka yi barbarar kansu, ya ɓare kwanso ya ƙirga 5,474 masu sulɓi, 1,850 masu tamoji. Kusan uku bisa ɗaya ke nan. Tamojin da ya ɓace a tsatson farko ashe ɓuya ya yi, bai narke ba.

Bayan ya wallafa sakamakonsa a 1866, ya gwada wata ciyawa mai suna Hieracium, lissafin ya ƙi fita. Ba laifinsa ba ne: ciyawar kan yi iri ba tare da barbara ba, abin da ba a gano ba sai bayan rasuwarsa a 1884. Sai a 1900 masana uku suka sake tono aikinsa na fis.