Linzamin Hankali: Bori, Zikiri da Sanin Hanyar Dawowa a Ƙasar Arawa

Dumega gari ne na Arawa a kwarin Dallol Mawri, cikin gundumar Tibiri wadda aka cire daga ta Dogon Dutsi a 2011, ba nisa da iyakar jihar Kebbi. A wannan yanki na jihar Doso ta Nijar, ba baƙon abu ba ne a ga mutum ya fita daga hayyacinsa na yau da kullum ya shiga wani hali. Ana ganin haka a dandalin wasan bori, ana kuma ganinsa a da'irar zikirin Juma'a bayan la'asar. Ɗan kallo yakan tsaya a kan fitar: faɗuwa, kuka, rawar jiki, sauyin murya. Masu abin kuwa ba nan suke auna gwani ba. Zazzaɓi mai zafi ma yana fitar da mutum daga hankalinsa, haka firgita, haka ƙwaya. Abin da ake shafe shekaru ana koyo shi ne shiga a kan kari da dawowa lafiya.

Masaniyar al'adu Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980 ta kuma fitar da littafinta kan borin Arawa a 2001, ta nuna cewa galibi da ciwo ake shiga bori. Iska kan kama mutum ba shiri, ta kayar da shi inda ta ga dama, ta hana shi barci da aiki. Girka, wadda a nan ake kira gyara, ba korar iskar take yi ba. Sulhu take ƙullawa, har iskar ta riƙa zuwa in an kira ta da gogenta da kirarinta, ta hau dokinta ko goɗiyarta, wato mutumin da ta kama, ta faɗi abin da ya kawo ta, sannan ta sauka. Atishawa ce alamar saukar a sassa da yawa na ƙasar Hausa. Dokin yakan ce bai san abin da ya gudana ba, don haka tsaron hankalinsa na hannun wasu: mai goge da ke lura da jikinsa yana ƙara zafin kiɗa ko yana sassautawa, da matan da ke gyara masa sutura suna tare shi kada ya ji ciwo. Gilbert Rouget, Bafaranshen da ya rubuta babban littafi kan kiɗa da hawan iska a 1980, ya kafa hujja cewa kiɗa shi kaɗai ba ya jefa kowa cikin wannan hali, in ba haka ba da makaɗa ne za su fara faɗuwa. Kiɗan alama ce da wanda aka hora ya koyi amsawa.

Ba ina haɗa bori da ɗariƙa a ma'auni guda na aƙida ba ne. Malaman Arewa sun daɗe da raba su, kuma muridi ba zai yarda a jera su ba. Amma tambayar da suke fuskanta ɗaya ce, wato wa zai tsare hankalin wanda ya fita, amsar ce ta bambanta. Sufi ba ya miƙa hankalinsa ga mai kiɗa, shi da kansa ake so ya riƙe shi. Batijjane yana jan lazimi safe da yamma: istigfari 100, salati 100, hailala 100, ga wazifa cikin jama'a. Ƙidayar nan ba ado ba ce. Ita ke sanya wa zaman farko da ƙarshe, kuma kowace ƙwayar carbi da yatsa ya tura tana kiran zuciyar da ta tafi kasuwa ko gona ta komo. Tarbiyyar da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya yaɗa tun daga 1929, wadda ta yi jijiya a jihar Doso ta hannun Shehu Abubakar na Kiyota da ya rasu a 2004, tana bi da muridi zuwa fana'i, inda yake daina ganin kansa. Sai dai ba a barinsa can. Cikar tafiyar ita ce baƙa'i: ya dawo cikin mutane, ya yi salla a kan lokaci, ya ciyar da iyali. Tun zamanin Junaidu na Bagadaza, wanda ya rasu a 910, manyan sufaye suka fifita farkawa a kan maye. Majzubin da aka fizge bai dawo ba ana tausaya masa, ana ma girmama shi, amma ba a ba shi almajirai.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun iso wannan wuri ta wata hanya. A wani bincike da aka buga a 2012, Wendy Hasenkamp ta Jami'ar Emory a Amurka ta sa mutum 14 da suka saba zaman nutsuwa cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ta ce su tsare hankali a kan numfashi, su danna maɓalli duk sa'ad da suka farga ya kuɓuce. Ta ga zagaye mai hawa huɗu: hankali ya tafi yawo, mai shi ya farga, ya juyo da shi, ya riƙe, kuma kowane hawa da sassan ƙwaƙwalwar da ke aiki a cikinsa. Har ƙwararru hankalinsu na gudu. Fargar ce horo ke kaifafawa. Duk wanda ya taɓa tsintar kansa a tsakiyar wuridi bai san inda ƙidaya ta tsaya ba ya san wannan zagaye.

Akwai kuma haɗari, wanda masu tallar zaman nutsuwa a wayar salula ba su cika ambata ba. Binciken da Jared Lindahl da Willoughby Britton na Jami'ar Brown suka buga a 2017, bayan hira da mutum 60 masu irin wannan zama, ya tattara rahotannin tsoro, rashin barci da jin kamar mutum ya rabu da jikinsa, wasu har tsawon watanni ko shekaru. Irin wannan haɗari ne ya sa malamanmu ba sa yarda matashi ya ɗauki wuridi daga littafi ya ja dubbai da daddare ba izini, ko ya shiga halwa ta kwana 40 ba mai leƙa shi.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan matan makarantun sakandare na Nijar da ke faɗuwa rukuni-rukuni a cikin aji tun farkon shekarun 2000, lamarin da Masquelier ta yi rubutu a kansa daga baya. Waɗannan yara suna fita ba da zaɓinsu ba, ba kuma wanda ya koya musu hanyar komowa. Akan kira malami ya yi ruƙiyya, a sallami ɗalibai na wannan rana, wata yarinyar kuma daga nan karatunta ya ƙare. Ina ganin ya kamata malamin ruƙiyya, ma'aikacin likita da uwar yarinyar su zauna tare a kanta, su tambaye ta yadda take barci da abin da ke tsorata ta, su kuma koya mata gane alamun farko, nauyin ƙirji ko jiri, domin ta samu ta zauna ta daidaita numfashi kafin ta kai ƙasa.