Wankan Jego da Lafiyar Zuciya: Tasirin Zafi, Kanwa da Yanayin Kwanciya

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi bayani mai yawa a kan wankan jego ta fuskar al'ada, sai dai ba kasafai ake duban abin da yake haifarwa a jikin mai jego ba. Wannan maƙala za ta dubi hakan ta fuskoki uku.

Na farko shi ne zafi. Idan jiki ya ɗumama, jijiyoyin jini na fata sukan buɗe domin fitar da zafin, zuciya kuma ta ƙara saurin bugawa don ta cike su. Mai jegon da ke wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, ta kuma kwanta a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, tana ɗora wa zuciyarta ƙarin aiki a lokacin da ba ta gama farfaɗowa daga wahalar ciki ba.

Na biyu shi ne kanwa, wadda ake ɗauka magani ce mai ƙara ruwan nono da ƙarfin jiki. Kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam mai yawa, shi kuwa yana sa jiki ya riƙe ruwa. Likitoci Davidson da Parry, a binciken da suka gudanar a Zariya cikin shekarun 1970, sun danganta yawan gazawar zuciya bayan haihuwa da haɗuwar zafi da kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna cewa ƙarancin sinadarin seleniyam ma yana da hannu, don haka ba al'ada kaɗai za a ɗora wa laifi ba.

Na uku shi ne kwanciya. Idan zuciya ta raunana, kwanciya rigingine takan dawo da ruwan da ya taru a ƙafafu zuwa ƙirji, huhu ya cika, numfashi ya sarƙe. Zama a jingine yakan kawo sauƙi, magungunan fitsari kuma su rage ruwan.

Saboda haka, mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, kuma ba ta iya barci sai a zaune, bai kamata a ce mata rashin wanka ne ya jawo, a ƙara wa ruwa wuta ba. Asibiti ya kamata a kai ta ba tare da jinkiri ba.