Wa Za a Kira da Ƙarfe Biyun Dare?

Jami'a gari ce. Dubban mutane na kwana a cikinta. Wasu dubban na kwana a unguwannin da ke kewaye da ita. Akwai asibiti, akwai kasuwa, akwai masallaci da coci, akwai ɗakunan gwaji cike da sinadarai. Gari irin wannan dole ya zauna da shirin ko-ta-kwana, kuma dole kowa ya san shirin, tun daga shugaban jami'a har mai gadin ƙofar baya. Da hukumomin jami'o'i nake magana, da malamai, da ɗalibai, da iyayen da suka kai 'ya'yansu makaranta suka koma gida suna addu'a. Kada kowa ya firgita. Amma kada kowa ya sake yin jinkiri.

A fara da ruwa. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare. Kafin gari ya waye ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa na Maiduguri. Ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya lalata na'urori masu tsada. Jami'ar ta dakatar da karatu. Wannan madatsar ta taɓa ɓallewa a 1994, shekara 30 kafin nan, wato haɗarin sananne ne. Kowace jami'a ta tambayi kanta yau: me muka ajiye a ƙasan bene? Sau da yawa amsar ita ce janareta, da fayil-fayil na ɗalibai, da kwamfutocin da ke riƙe da sakamakon jarrabawa, da tsofaffin littattafan da ba su da kwafi na biyu. Ruwa na isa gwiwa, duk sun tafi. Hawa da su bene aikin mako guda ne. Sake samo su, wasu har abada.

Sai masu ɗauke da makamai. A 29 ga Afrilu 2012 an kai hari kan masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero da ke Kano. A Satumba 2013 an kashe ɗalibai da dama suna barci a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a Yobe. A Janairu 2017 bam ya tashi a masallaci cikin Jami'ar Maiduguri, har da farfesa cikin waɗanda suka rasu. A Maris 2021 an kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna. Wata guda bayan nan aka shiga Jami'ar Greenfield, kuma biyar daga cikin ɗaliban da aka sace ba su dawo da rai ba. A Satumba 2023 aka ɗauke ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A lura da na Gusau sosai. Katangar jami'a ba ta kai inda ɗalibai da yawa ke kwana ba. Ɗakunan kwanan makaranta sun yi kaɗan, dole yara suka bazu cikin unguwa. Wa ke riƙe da jerin gidajen nan? Wa ya san yarinya nawa ke kwana a kowane gida? Idan ba a san adadin waɗanda suka kwanta ba, ba za a san adadin waɗanda aka ɗauke ba. Sai a wayi gari ana musu kan lissafi, uwa na kiran wayar da ba ta shiga.

Gobara ba ta bukatar maƙiyi. Ɗakin da aka gina wa mutum huɗu, yanzu goma ke ciki. Kowa da hitarsa, kowa da rishonsa ko tukunyar gas. Wayoyin lantarki sun tsufa, an yi musu jone-jone. Tagogi duk an datse su da ƙarfe saboda ɓarayi. Ƙofar baya an sa mata kwaɗo, makullin na aljihun wanda ya tafi gida. Idan hunturu ya shigo, komai ya bushe, iska na kaɗawa. Tukunyar kashe gobara na rataye a bango, amma a duba ranar da aka cika ta. A tambayi ɗalibai goma yadda ake zare ƙusarta. Hayaƙi kan kashe mai barci kafin wuta ta iso gare shi, kuma motar 'yan kwana-kwana ba ta da amfani idan tankinta babu ruwa. Ni a ganina wannan ne haɗarin da ya fi sauƙin magancewa, shi ya sa sakaci da shi ya fi ciwo.

Jita-jita ma kisa take yi. Saƙo ɗaya a WhatsApp ya isa ya tayar da ɗakin kwana gaba ɗaya. Wani ya ce an shigo. Ɗaruruwa su nufi matakala guda cikin duhu. Cunkoso kaɗai ya isa ya ɗauki rai: a Maris 2024 ɗalibai sun mutu a turmutsitsi wurin rabon shinkafa a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Idan hukumar makaranta ta yi shiru awa uku, wani zai yi magana a madadinta, kuma ba gaskiya zai faɗa ba. A samu murya ɗaya da kowa ya sani. A samu jiniya. A samu hanyar tura saƙon tes ga kowane ɗalibi cikin mintuna, da lasifika ta hannu don ranar da sabis ya ɗauke.

Cuta na bin cunkoso. Sanƙarau na zuwa da zafin bazara. Amai da gudawa na zuwa da damina. Ƙaramin asibitin makaranta ya san inda zai keɓe mutum 20 a dare ɗaya? Motar ɗaukar marasa lafiya na da mai? Direbanta a ina yake kwana?

Wutar lantarki kuma ta riga ta nuna mana halinta. A Oktoba 2024 jihohin Arewa da yawa sun yi kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. Babu wuta, babu famfo. Babu famfo, banɗaki ya toshe. Firjin ɗakin gwaji ya mutu, samfurin da mai neman digiri na uku ya yi shekaru yana tarawa ya ruɓe.

Akwai haɗarin da ba a jin ƙararsa, kuma shi ne ya fi daɗewa yana cin mutane: salwantar bayanan ɗalibai. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Ɗalibanmu da ke karatu a Sudan, da yawansu 'yan Arewa, suka maƙale. An fito da su a motocin bas zuwa iyakar Masar da Port Sudan, sannan jirage suka kawo su gida. Rai ya tsira, alhamdu lillahi. Amma mai neman ci gaba da karatu a wata jami'a, abu na farko da za a tambaye shi shi ne takardar sakamako. Ofishin da zai bayar da ita na tsakiyar fagen daga. Wannan na iya faruwa da kowace jami'a da ta ajiye bayananta wuri ɗaya. Gobara ɗaya a ofishin rijistara ta isa. Ɓarayin intanet da za su kulle kwamfutoci su nemi kuɗin fansa ma sun isa. Shekara huɗu ta yaro, da gonar da ubansa ya sayar, su zama babu shaida. Kowane sakamako ya zama yana da kwafi a wani gari daban. A kuma riƙa gwada buɗe kwafin, don kada a gano ya lalace ranar da ake bukatarsa.

Rufe makaranta na da sauƙi. Buɗe ta ne aiki. A 2020 annobar korona da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU sun haɗu sun cinye kusan shekara guda. A 2022 yajin aiki ya ci wata takwas. Mun ga abin da ya biyo baya. Wasu ɗalibai sun kama sana'a ba su dawo ba. Wasu 'yan mata an yi musu aure, karatun ya tsaya nan. Wasu sun haura shekara 30 kafin kammalawa, hidimar ƙasa ta wuce su. Jami'ar da ba ta tsara tun yanzu inda za ta mayar da lakca, da yadda za ta biya albashi, da wanda zai sa hannu idan shugaba ba ya nan ba, za ta ƙara wa ɗalibanta watanni a kan watannin da masifar ta ci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare makarantu tun 2015, amma sa hannu a Abuja ba ya buɗe kwaɗon ƙofar baya. Majalisar gudanarwar kowace jami'a ta nemi a kawo mata shirin ko-ta-kwana a zamanta na gaba. Idan babu, a sa ranar kammala shi. Idan akwai, a yi atisaye a wannan zangon, cikin dare, ba tare da sanarwa ba, a duba minti nawa ɗakin kwana ke ɗauka kafin kowa ya fita. A zauna da DPO, da hukumar agajin gaggawa ta jiha, da mai unguwar da ɗalibai ke haya, da masu gidajen. Ƙungiyar ɗalibai ta zagaya ta ƙirga ƙofofin da ke kulle, ta kai rahoto a rubuce. Ɗalibi ya ajiye lambar gaggawa ta 112 da lambar ofishin tsaron makarantarsa. Iyaye kuma ku kira 'ya'yanku a daren nan. Ku rubuta sunan gidan da suke kwana, da lambar ɗaki, da lambar wayar abokin zamansu.