Ɓargo da Laka: Inda Harshe Ke Shiga Tsakanin Likita da Majinyaci

Ni ba likita ba ne, malamin ilimin harshe ne, amma wani abu da ya auku ga dangina a Zandam, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, ya sa dole in tsoma baki a harkar da ba tawa ba.

A bara, ɗan ƙanwata mai shekara tara ya yi ta fama da zazzaɓi da ƙarancin jini, ana ƙara masa jini yana sake zubewa. Da aka kai shi wani babban asibiti, likita ya ce sai an gwada ɓargonsa. Wanda ya yi tafinta ya ce wa mahaifin yaron za a zuƙo ruwan lakarsa. Nan take mahaifin ya ɗauke ɗansa ya koma gida, domin kowane Bahaushe ya san wanda lakarsa ta taɓu ya rabu da ƙafafunsa. Sai da na kwana biyu a Zandam ina lallashi kafin ya amince, kuma kafin nan an yi asarar mako uku.

Laka daban, ɓargo daban. Laka tana cikin ƙashin baya, ita ce hanyar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ɓargo kuwa, wanda muke tsotsa a ƙashin rago, shi ne masana'antar jini: a cikinsa ake ƙera jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙar cuta, da masu tsayar da zubar jini. Don gwada shi, likita kan kashe zafin wurin, ya sa allura a ƙashin ƙugu ya ɗebo ɗan kaɗan, ba ya kusantar laka. Da haka ake tabbatar da sankarar jini, ko a gane ɓargon ya gaza aikinsa.

Binciken bai tsaya ga gano cuta ba. Dashen ɓargo, wanda ya jawo wa likitan Amurka E. Donnall Thomas lambar Nobel a 1990, yana iya warkar da amosanin jini, wato sikila, cutar da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. A 2011 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen farko a ƙasar nan ga wani yaro mai sikila, na Jami'ar Legas ya soma nasa a 2024. Aikin yana da tsada da haɗari, kuma galibi sai an samu wa ko ƙane wanda ɓargonsa ya dace, abin da kan faru sau ɗaya cikin huɗu ga 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda ya bayar kuwa, nasa kan cika cikin 'yan makonni.

To, ina uban da zai miƙa lafiyayyen ɗansa a ɗebi ɓargonsa alhali ya ji an ce laka? Sa hannun da mutum ya yi a kan takardar da bai fahimta ba, ba amincewa ba ce.

Saboda haka ina kira ga masana Hausa na Jami'ar Bayero da likitocin jini na Asibitin Malam Aminu Kano da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, su zauna su daidaita kalmomin nan, a buga takardun neman izini da Hausa, boko da ajami, a kuma horar da tafintoci maimakon a kamo duk wanda ke wucewa a baranda. Mu malaman harshe ma da laifinmu: mun shagala da gardamar nahawu, mun bar ɗakin jinya babu kalma.

Yaron yana kan magani yanzu. Mahaifinsa, duk wanda ya zo dubiya, shi ke nuna masa ƙugunsa yana cewa nan ne aka sa allurar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.